Hannun da Ya Gwada Ruwan

Har aka kaɗa ƙararrawar asuba a haikalin da ke ƙetaren kogi, Sufeto Hemraj Negi bai runtsa ba. Ba rurin kogin Parvati ne ya hana shi barci ba, domin a bakinsa aka haife shi. Abin da ya hana shi ƙwayar alewa ce guda ɗaya, wadda wani tsoho ya ƙi karɓa.

A takarda dai bincike ya ƙare. Shekaranjiya da sassafe aka tsinci gawar Ishwar Dutt, tsohon malamin makaranta daga garin Mandi, a Kwarmin Tsofaffi, ƙaramin wurin wankan da ke bayan kasuwar Manikaran. Likita ya rubuta cewa ciwon sukari ya daɗe da kashe masa jin ƙafafu, shi ya sa ya shiga ruwan har ƙirji bai san yana ƙonewa ba, ya suma, ya nutse.

Magudana biyu ke zuba a kwarmin, ɗaya daga maɓuɓɓuga mai tafasa, ɗaya daga kogi mai sanyin ƙanƙara. Shekara talatin da ɗaya Jindu Ram ne ke haɗa su. Yakan ɗaga allon dutsen da ke tare kowace magudana gwargwado, ya tsoma gwiwar hannunsa ya ji, sa'an nan ya ɗaura ƙyalle ruwan ɗorawa a ƙarfen ƙofa, alamar ruwa ya yi.

Amma a wannan makon ba a sa ran ganin ƙyallen ba. Ƙanin Jindu ya rasu, an aske wa Jindu kai, kuma kwana goma sha uku na makoki ba ya da ikon taɓa ruwa mai tsarki na allahiyar haikalin. Dattawan haikali sun ce a rufe kwarmin har ya gama. A rana ta tara aka sami gawar. Kafin azahar Jindu ya kawo kansa caji ofis, ya ce malamin ya roƙe shi saboda ciwon ƙafa, shi kuma ya karya makokinsa ya buɗe, ya manta bai ɗaga dutsen ruwan sanyi sosai ba. Gari ya ɗauka cewa hannu marar tsarki ne ya fusata ruwan. Ɗan mamacin yana neman a hukunta mai sakaci. Mai sakacin ya amsa laifinsa. Yau da ƙarfe huɗu motar 'yan sanda daga birnin Kullu za ta zo ta tafi da shi, gobe a gurfanar da shi.

Sai ga jiya da yamma Saje Puran Chand ya shigo da alewar da aka sa wa albarka a haikali, yana rabawa kamar yadda ya saba, har ya miƙa wa na bayan kanta. Jindu ya mayar da hannuwansa bayansa, ya ja da baya har ya jingina da bango. Ya ce a yi masa haƙuri, bai yi tsarki ba tukuna.

Wannan ne ya kwana yana cin Hemraj. Mutumin da ke tsoron taɓa ƙwayar alewa, shi ne zai tsoma hannu a ruwan allahiya?

Ya isa ofis kafin mai shara. Saje Puran, wanda saura wata bakwai ya yi ritaya, ya same shi ya baje hotunan wurin a kan tebur.

"Yallaɓai, idanunka kamar an zuba musu barkono. Mutum ya kawo kansa, ya amsa, ya sa hannu. In duk masu laifi haka suke ai da tuni na yi ƙiba."

"Kawo mini shi."

Jindu ya shigo ya tsuguna a ƙasa, ya ƙi kujera. Hularsa ta ulu ta sauko har girarsa.

"Ƙarfe nawa ka buɗe?"

"Wajen biyar, ranka ya daɗe."

"Da wane hannu ka gwada?"

"Na dama. Kullum da shi nake yi."

"Ka gwada, ka ji ya yi, sa'an nan ka ɗaura ƙyalle?"

Tsohon ya gyara hularsa. In ya ce ya gwada, gwiwar hannun da ta shekara talatin da ɗaya tana aikin ba za ta yi kuskure haka ba. In ya ce bai gwada ba, to me ya sa ya ɗaura? Daga bisani ya ce hankalinsa yana wajen ƙaninsa, bai san abin da ya yi ba.

"Ɗaga hannun riga in gani."

Fatar gwiwar hannun baƙa ce, ta yi kanta kamar ta raƙumi, amma babu ja, babu kumburi, babu ko ɗan ɓawo. Ruwan da ya dafa mutum har ƙirji bai bar mata komai ba.

"Wa kake rufa wa asiri, Kawu?"

"Ruwana ne, ranka ya daɗe. Abin da ya faru a cikinsa nawa ne. Ka rubuta haka, ka huta."

Da aka mayar da shi, Hemraj ya jawo hoton ƙofar kwarmin kusa da fitila. Ƙyallen yana nan a ƙarfe, amma ba ƙulli biyu aka yi masa ba irin na Jindu, wanda sai an sa haƙori kafin ya kwance. Zarge ne, da doguwar jela a sake, irin wanda in an ja jelar sau ɗaya zai warware. Ya daɗe yana kallonsa. Ya san ƙullin, amma bai yarda ya tuna inda ya san shi ba.

Wayar tebur ta yi ƙara. Babban jami'i ne daga Kullu. Ya ce dangin mamaci sun cika mota guda suna hanya, ba ya son hayaniya a garin da haikalin Hindu da gurdwara, wurin ibadar mabiya addinin Sikh, ke shan ruwa ɗaya; a rufe fayil, a miƙa tsohon da ƙarfe huɗu. Hemraj ya amsa da to, ya ajiye, ya ɗauki rigar sanyinsa.

Gidan Jindu yana can sama, inda matakala ta ƙare. Matarsa, Kamli Devi, tana zaune a bakin ƙofa tana tsefe ulu. Murhunta a mace yake. Gidan makoki sai abin da maƙwabta suka kawo. Ta ce mijinta ya fita tun da duhu a ranar, ta ji ƙarar ƙofa, ba ta san komai ba bayan wannan. Ta faɗe shi a jere, ba ta ɗago kai ba, kamar mai maimaita karatu.

"Makullin kwarmin fa, Inna? A aljihu ya sa?"

"Ina zai sa shi a aljihu alhali yana..." Ta katse. "Ban gani ba. Duhu ne."

A kan ɗan dakalin da ke gefenta akwai ƙunshin farin ƙyalle, yana fitar da tururi. Shinkafa ce da aka dafa a maɓuɓɓuga. Kowa a garin ya san ƙamshinta. An ɗaure bakin ƙunshin da zarge mai doguwar jela.

"Wa ke kawo miki wannan?"

"Nakan tashi in tarar da shi. Masu alheri ba sa barin suna."

Ta faɗa, amma hannunta ya tsaya cak a kan ulun. Hemraj bai ƙara tambaya ba. Ya yi mata sallama ya fara sauka.

Yana ɗan shekara tara tsauni ya zaftaro a kan hanyar Kasol ya binne ubansa tare da alfadarai huɗu. Shekara shida bayan haka, abincinsa na rana a ɗakin girkin sadaka na gurdwara yake, inda ba a tambayar kowa addininsa ko sunan ubansa. A can ya ga yadda ake ƙunshe shinkafa a ƙyalle a zura ta cikin ruwa mai tafasa, da yadda ake ɗaure igiyar da zarge don mai girki ya ja ta da sauri kafin tururi ya cinye masa fuska. Wanda ya riƙe masa yatsu ya koya masa ƙullin, Ujagar Singh ne.

A jami'a ya karanta cewa doka ba ta da fuska. Ya yarda da hakan a lokacin, har ya rubuta shi a jarrabawa. Yanzu yana tsaye a kan gada, tururi na tasowa daga ƙarƙashin duwatsu yana haɗuwa da feshin kogi, yana lissafin hanyoyin da suka rage masa. Zai iya komawa ofis ya jira ƙarfe huɗu. Babu wanda zai zarge shi. Jindu da kansa zai gode masa. Saje ya ce alƙali ba zai wuce shekara biyu ba. Amma tsohon da ke tari tun kaka ba zai ga ƙarshen shekara biyu a kurkuku ba, kuma ko ya gani, zai dawo garin da ya riga ya yanke cewa ya sayar da makokin ƙaninsa ya ƙazantar da ruwan allahiya. Kowace hanya ya bi, tsoho ɗaya zai faɗi.

Ya cire takalmi a ƙofar gurdwara, ya ɗaura hankici a ka, ya bi ta cikin masu ziyarar ibada zuwa bayan ginin, inda ruwa ke ɓulɓulowa daga ƙasa yana tafasa. Tukwane shida ne a jere cikin ruwan, an rufe bakunansu da ƙyalle. Ujagar Singh na tsaye a kan katakon da aka shimfiɗa saboda zafin dutse, farin gemunsa ya jiƙe da tururi, rawaninsa shuɗi ya koɗe.

"A'a, Sarkin Ƙari da kansa." Sunan da ya laƙaba masa ke nan tun yana yaro, saboda bai taɓa tashi a kan kwano ɗaya ba. "Yau gwamnati ta rasa abinci ne ta turo ka? Zauna. Ka rame kamar karen 'yan sanda."

Hemraj ya zauna a kan tabarma. Ya tambaye shi inda yake a safiyar da malamin ya mutu. Ujagar ya ce a nan, ina kuma. Tun ƙarfe huɗu yake kan tukwane, sai a tambayi duk wanda aka ga dama. Ya ce Jindu abokinsa ne na shekara arba'in, abin ya dame shi ƙwarai, amma me mai dafa shinkafa ya sani game da wankan mutane. Ƙunshin da ake kai wa Kamli kuwa, shi ke kaiwa, ai ba laifi ba ne ciyar da gidan makoki.

"Ƙyallen ƙofar kwarmin da zarge aka ɗaure shi, Baba."

"Rabin garin nan ni na koya wa zarge. Har da kai. Kama kanka mana."

Wata mai hidima ta wuce da butar shayi da ta sauke yanzu daga wuta. Hemraj ya ɗauki kofin silba biyu, ya sa ta cika su har baki. Nasa ya kama shi ta leɓe da yatsu biyu, ya yi maza ya dire a ƙasa yana yarfe hannu. Ɗayan ya tura wa tsohon.

Ujagar ya ɗauka da tafin hannunsa gaba ɗaya, ya rungume kofin da yatsu biyar, ya ci gaba da magana a kan tsadar wake da yadda masu ziyarar bana ba su da haƙuri. Hemraj yana ƙirgawa a zuci. Ya kai talatin. Ya kai hamsin. Fatar da ke gefen babban yatsan ta fara yin ja, mai hannun bai sani ba.

"Ajiye kofin, Baba. Yana ƙona ka."

Tsohon ya dubi hannunsa kamar na wani. Ya ajiye kofin a hankali. Tukwane suna ta kaɗawa a cikin ruwa, suna bugun juna.

"Tun yaushe?"

"Damina biyu ke nan." Muryarsa ta sauka. "Ya fara daga yatsu. Yanzu har wuyan hannu, kamar na sa safar katako."

"Wa ya sani?"

"Ni da Mahaliccina. Da sun sani da sun zaunar da ni a ƙofa ina jera takalman mutane. Shekara arba'in da huɗu ina kan ruwan nan, Hemraj."

Sauran ya fito da kansa, ba tare da an ja ba. Malamin ya zo gidan Jindu da yamma, ɗansa na riƙe da shi, yana kuka da ƙafafunsa, ya ce tafiyar yini guda ya yi saboda wannan kwarmin. Jindu ya kasa korarsa, ya kuma kasa taɓa ruwan. Sai ya aiko Kamli wajen abokinsa, tun da Sikh ba ya cikin wannan hani. Kamli ce ta ɗauko makullin ta ɗora a kan dakali. Jindu ya tsaya daga nesa yana yi masa bayani: dutsen sanyi a ɗaga shi har taƙi ɗaya, na zafi yatsu uku, kuma a gwada da gwiwar hannu, kada a gwada da tafi. Sau uku ya maimaita.

"Na ce masa, ni za ka koya wa ruwan zafi? Na yi masa dariya." Ujagar ya shafa gemunsa. "Da asuba sanyi ya yi yawa, riguna uku ne a jikina, tukwane na jirana. Dutsen sanyin ya yi nauyi, ya ɗan motsa, na ce ya isa. Na tsaya a bakin ruwan. Na tuna maganarsa, ban manta ba. Amma in na naɗe hannun riga na tsoma gwiwa, to na yarda ke nan cewa hannuna ya mutu. Babu kowa a wurin, ni kaɗai, amma na kasa yarda. Na tsoma tafi. Na ji shi lafiya lau."

"Sai ka ɗaura ƙyalle."

"Sai na ɗaura ƙyalle."

Ya ce da labari ya iso, ya tafi da gudu zai faɗa, Jindu ya tare shi a matakala. Jindu ya ce shi ya aike shi, ruwansa ne. Ya ce in aka ji Sikh ne ya haɗa ruwan haikali mutum ya mutu, waɗanda ba su san garin ba za su mayar da shi abin da ba shi ba. Ya sa shi ya rantse da abotarsu. Shi kuwa ya karɓi rantsuwar da sauri, kuma saurin nan ne ya fi damunsa, domin ya san ba don gari ya karɓa ba.

"Kwana biyu ina dafa wa mutum dubu abinci, ban iya haɗiye loma ɗaya ba. Da ba ka zo ba, ban san ko zan zo ba. Kada ka rubuta cewa zan zo."

Hemraj ya dubi agogo. Biyu da kwata. Malamin ya mutu. Hannun ba zai warke ba. Dangin da ke hanya za su ji sunan da babban jami'i ke gudun su ji, kuma shi ne zai tsaya a gabansu ya faɗa.

"Shinkafar ta kusa?"

"Saura kaɗan."

"Sauke ta tukuna."

Ya jira har aka ja tukwane shida ɗaya bayan ɗaya. Ujagar ya kira wani dattijo cikin masu hidima, ya nuna masa wadda ke son ƙarin lokaci, ya ce masa kada ya cika gishiri a miyar wake kamar yadda ya saba. Ya wanke fuskarsa, ya gyara rawani, ya shiga ɗakin ibada ya sunkuya ya yi addu'a ya fito. A ƙofa Hemraj ya ga yana fama da igiyar takalmi, yatsun ba sa jin ta. Ya durƙusa ya ɗaure masa.

Ankwa tana aljihun Hemraj, a can ta zauna. Suka haye gada kafaɗa da kafaɗa, masu shaguna na gaishe su, suna zaton hira ce.

Saje Puran ya ga shigowarsu, ya buɗe baki zai yi zolaya, ya dubi fuskar maigidansa ya fasa. Hemraj ya ce ya buɗe wa Jindu. Tsohon ya fito yana ƙifta ido, ya ga wanda ke tsaye a gaban kanta, sai ya dafa bango.

"Ka rantse mini, Ujagar."

"Ban karya ba. Kofin shayi ne ya tona ni. Wannan yaron da na ciyar, ashe maciji na yi kiwo." Ya yi ɗan murmushi. "Tafi gida. Jibi ne kwana sha uku na makoki, ƙaninka na jiran ka sallame shi."

Ya miƙa masa hannu. Jindu ya ja da baya, ya ɓoye nasa a bayansa, ya ce bai yi tsarki ba tukuna. Ujagar ya matsa ya kamo hannun da ƙarfi, ya riƙe shi a cikin nasa biyu.

"Bar shi a nan. Ai ba na ji."

Saje ya tafi da Ujagar ciki. Aka ji ƙarar sakata.

Hemraj ya zauna a teburinsa. Ya zare rahoton farko daga fayil, ya ja masa layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ya sa hannu da kwanan wata, ya mayar da shi ƙasan fayil ɗin. Ya ɗauki sabuwar takarda. Daga nesa, a kan hanyar da ke hawowa daga Kullu, ya ji mota na canza giya. A layin da aka tanada don sunan wanda ake tuhuma, ya rubuta shi cikakke, harafi bayan harafi.